Na'ura Marar Kunya a Tsibiri

Tun da na dawo daga Maraɗi ƙawayena na Islamiyya suka hana ni sakat. Wannan ta ce, "Hajiya Mairo, wai da gaske ne burodinsu ya kai tsawon muciya?" Waccan ta ce, "Ke da kika ce kwana biyu za ki yi, me ya zaunar da ke har aka yi sharar ƙarshen wata sau biyu ba ki nan?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma kowacce in ta maimaita sai ta ƙara gishirinta. Jiya ma na ji an ce wai kwamfuta ce ta karɓi haihuwar jikana. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta ta bar ni in huta.

Abin da ya kai ni, 'yata ta fari ce ke aure a Jiratawa, kusa da Maraɗi. Mijinta Isuhu manomin rani ne, yana kawo tattasai kasuwarmu ta Funtuwa, a nan suka ga juna suka daidaita. Surukata, wato mahaifiyar Isuhu da ake kira Inna Tabawa, ta aiko cewa cikin yarinyar ya shiga wata bakwai. Kun san al'ada, haihuwar fari a gaban uwa ake yinta, sai in je in ɗauko ta. Na tara itace har ya kusa tsawon katanga, na sayi sabuwar tukunyar wanka, na ajiye gero da kayan yaji, na yi wa mahaucin unguwarmu maganar ƙafar sa. Duk unguwa ta san zan yi jego, domin ni ba mai ɓoye farin ciki ba ce.

Sai dai akwai matsala ɗaya. Ni irin matan da ce, ina kunyar 'yar fari. Tun da na haife ta ban taɓa faɗin sunanta ba, "yarinyar nan" nake ce mata, kuma ba na zama mu yi doguwar hira. Balle maganar ciki, wannan ko kusa. Don haka na ɗauki ƙanwar maigidana, Gwaggo Ladi, ta zama bakina. Ladi kuwa in ta fara magana sai an kira salla.

Mun bi ta Malumfashi muka isa Katsina, muka sauya mota zuwa Jibiya. Ladi ta ba duk 'yan motar tarihin danginmu, ta sasanta wani da matarsa ta waya, ta kuma koya wa direba maganin basir. Da muka iso iyaka aka ce kowa ya fito da katin shaida. Na fito da nawa. Ladi ta kwance bakin zane, ta kwance wani ƙullin a cikin ƙulli, ta miƙa wa jami'in da alfahari. Ya juya shi gaba da baya.

"Hajiya, wanga ai katin likita ne. Na hawan jini."

"To ba sunana ne a jiki ba?"

"Sunanki ne. Amma kar dantite muka so, mai hoto."

"Hoton me, ga ni a gabanka?"

Ta yi magana har jami'in ya nemi kujera ya zauna, amma doka doka ce, kuma gaskiya mutumin bai yi mata rashin mutunci ba. Haka Ladi ta koma Jibiya a motar da ta kawo mu, tana ɗaga mini hannu ta taga. Sai da muka wuce Ɗan Isa na tuna jakar dambun nama tana kan cinyarta. Ta tafi da bakina, ta tafi da guzurina.

Ga gajiya ga yunwa, barci ya sace ni. Na ce wa yaron mota ya sauke ni a mararrabar Jiratawa, shi kuma ya ga ina barci ya ji nauyin tashin babba. Ban farka ba sai a tashar Maraɗi, masu babura sun kewaye mu suna ta "Hajiya, ina zuwa?" Su kabu-kabu suke ce musu, ba acaɓa ba, kuma yawansu ya wuce misali. Na ciro waya in kira, layinmu ya mutu tun daga iyaka. Ina tsaye kamar an dasa ni sai wata mata da muka zauna kujera ɗaya, 'yar kasuwar atamfa mai suna Hajiya Zinaru, ta kama jakata.

"Ke baƙuwa ta, ko? Taho mu tahi gida. Gobe da sahe a kai ki."

Ba ta tambayi ko ni wace ce ba sai da na ci na ƙoshi. Dambun shinkafa da zogale aka kawo, ya sha ƙuli da albasa, sannan fura mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a cikinta. Mu a Funtuwa mutanen masara ne, su kuwa hatsi, wato gero, ne ransu. Da safe yaro ya shigo da burodin nan da kuke tambaya, ya saƙalo shi a hammata ba ko leda, dogo, bayansa da tauri. Na gatsa na ji kamar haƙorina zai bi shi, sai Zinaru ta nuna mini a tsoma shi a shayi. Bayan kwana kaɗan ni ke aike a sayo. Gaisuwarsu ma aiki ce. Za a tambaye ki gida da gajiya da rana da sanyi da "kwana biyu", ko da yau aka fara ganinki, ke dai ki yi ta cewa "lahiya lau".

Ƙanen Zinaru ya kai ni Jiratawa. Garin kore shar saboda noman rani, ko'ina ruwa na bin magudana, ga zogale ga tattasai ga albasa. Inna Tabawa ta tare ni da guɗa. Yarinyar nan ta fito cikin wani hijabi har ƙasa, ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni, na amsa ina kallon kaji. Raina kuwa kamar in rungume ta, domin na yi kewarta ƙwarai. Na saci kallonta sau ɗaya, na ga kamar cikin ya fi ƙarfin wata bakwai, amma wa zan tambaya? Ladi tana Funtuwa tana cin dambuna.

Sai ga Isuhu daga gona. Tun daga zaure ya cire takalmi, ya tsuguna ya ba ni gefe, ya fuskanci rumbu. Shi ma kunyar suruka. Ya ce wa rumbun:

"Inna, a gaya ma Hajiya, ina so a yi eko kahin su kama hanya."

Inna Tabawa ta juyo ta ce, "Ya ce wai a yi eko."

Na ce wa kaji, "A gaya masa mene ne eko?"

Ashe hoton ciki ne, wanda mu muke ce wa sikanin. Su likita lokotoro ne, ɗakin haihuwa matarnite, waya salula. Isuhu ya ci gaba da yi wa rumbu bayani. Yarinyar ta ƙi zuwa a yi mata a Maraɗi don an ce namiji ne ke yi, awon ciki ma sau ɗaya ta je. Amma a asibitin Tsibiri akwai wata ungozoma da aka ba sabuwar na'ura, mace ce, yarinyar ta yarda da ita. Ni dai a raina na ce ɓata lokaci ne, mu da muka haihu a kan tabarma ba hoto. Amma ba a musu da suruki, musamman wanda ke magana da rumbu.

Washegari muka ɗauki a-daidaita, muka ratsa Maraɗi muka nufi Tsibiri, ni da yarinyar da Inna Tabawa, Isuhu na biye a babur daga nesa. Ungozomar sunanta Madam Rahila, Kirista ce 'yar garin, doguwa mai fara'a, Hausarta ta fi tawa. Ina neman in ga wani babban inji mai cika ɗaki irin na asibitinmu, sai ta buɗe wata 'yar jaka ta fito da abu kamar kwalbar turare, ta haɗa shi da waya mai faɗi.

Na ce, "Madam, shi ke nan?"

"Shi ke nan, Hajiya. Ni hwa ban yi karatun eko ba. Da sai lokotoro ka iya karanta hoton. Yanzu ni in shafa, ita ta duba."

Ta bayyana mini cewa a cikin wayar akwai abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. An nuna wa kwamfuta hotunan cikin mata masu ɗimbin yawa, ana gaya mata wannan kai ne, wannan ƙashin cinya ne, wannan mabiyiya ce, har ta koyi ganewa da kanta. Na ce ikon Allah, wato ita ta leƙa cikin matan duniya, shi ya sa ba ta jin nauyin kowa.

Da aka zo kwantar da yarinyar na miƙe zan fita, Madam ta ce in zauna, ana son uwa a kusa. Na zauna na ƙura wa bango ido. Ta zuba wani mai kamar kamu, ta riƙa jan abin nan a kan ciki daga ƙasa zuwa sama, sannan daga gefe zuwa gefe, wayar na nuna mata layin da za ta bi. Da ta yi sauri a wani wuri sai wayar ta yi ƙara, wai a sake. Madam ta yi dariya ta ce, "Kin gani ko? Har ni takan yi wa gyara." Sai kuma ta ƙara murya, muka ji bugun zuciyar ɗan yana sauri kamar ana sakwara a maƙwabta. A nan na manta da bango, na juyo.

Madam ta tambaya, "Wata nawa kuka ce?"

Inna Tabawa ta ce, "Bakwai. Ni na ƙirga da kaina, tun ran da na lura ta daina cin kihi."

"Ita kuwa ta ce cikin ya kusa shiga na tara. In ciki ya tsufa lissahinta kan ɗan goce, amma ba da wata biyu ba." Ta dubi yarinyar. "Ke mi kika ƙirga?"

Yarinyar ta rufe fuska da hijabi ta ce, "Takwas da rabi."

Inna Tabawa ta dafe ƙirji. "Kin sani, shi ne ba ki hwaɗi ba?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

Muka dubi juna ni da surukata. Ita ta ƙirga daga kifi, ni na ƙirga daga saƙonta, mai cikin kuwa tana zaune da amsa a baki tana kunyarmu. Har mun fara dariya, sai na ga fuskar Madam ta sauya. Wani wuri a wayar ya yi ja. Ta sake shafa ƙasan cikin a hankali, jan ya sake fitowa.

"Hajiya, ki saurara da kyau. Mabiyiya, wadda kuke ce ma uwa, ya kamata ta zamna sama. Na'urar ta nuna kamar wagga ta sauko ta tare bakin mahaihwa, ta nan ɗa zai hito. In haka ne, naƙuda na tashi jini ka ɓallewa. Ba ni ka yanke hukunci ba, ba ita ba. Aikinta ta ce a tahi ga lokotoro, kuma yau."

Ku ji halin ɗan Adam. Maimakon in tsorata, itacena na tuna, da tukunya, da abin da za a ce a unguwa in na koma hannu biyu. Na ce, "To ai mu ma muna da asibiti a Funtuwa, da manyan likitoci. In tafi da ita, a duba ta a can."

Madam ba ta yi gardama ba. Ta ce mu fara zuwa Maraɗi, in lokotoro ya yarda ita ba ta da ta cewa.

A babban matarnite na Maraɗi muka tarar da layin mata. Da aka ga takardar Madam aka shigar da mu da wuri. Lokotoron namiji ne, dattijo mai furfura, kuma injinsa babba ne irin wanda na sani. Yarinyar ta noƙe, na ce wa labule, "A gaya mata ta kwanta, ina nan." Bai ko kalli abin da wayar ta ce ba sai da ya gama nasa duban, ya daɗe yana juya abin yana auna. Sannan ya ce ƙaramar na'urar ta yi gaskiya, mabiyiya ta rufe hanya gaba ɗaya, sai dai a yi aiki a ciro ɗan, kuma a kwantar da ita tun yanzu a jira lokaci.

Na sake kawo maganar Funtuwa. Ya ce, "Hajiya, ke kika biyo hanyar. Ki tuna ramukan, ki tuna jiran iyaka. In jini ya ɓalle tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, wa za ki kira?"

Wallahi zuciyata ba ta sauka ba tukuna. Ina ta cewa a raina watakila a samu mota mai kyau, a bi a hankali. Sai na ji an kama gefen mayafina. Yarinyar ce. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa yi mini haka ba.

"Umma, makon jiya na ga jini kaɗan. Ban gaya wa kowa ba. Tsoro nake ji."

Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, har da haihuwata ta fari. Da Ladi ta kawo katin kirki, da ta cika gidan da surutu mun kamo hanya a ranar. Da Isuhu bai yi magana da rumbu ba, da yanzu muna cikin ramukan nan. Na dubi lokotoro na ce a ba ta gado.

Hajiya Zinaru ta ce ba zan kwana a baranda ba tana garin, don haka gidanta ya zama masaukina, kullum kabu-kabu ya kai ni ya dawo da ni da kwanon abinci. Na aro salularta na kira maigida. Ya ce rai ya fi al'ada, itace kuma ba ya ruɓewa. Ladi ta karɓe wayar ta ce dama ita tun a iyaka jikinta ya ba ta, kuma dambun ya yi gishiri. Isuhu ya ba da jini aka ajiye, ƙanensa ma ya bayar. Kullum yana gindin wata bishiya a harabar asibitin, in na wuce ya cire takalmi ya gaida bishiyar.

Ranar aikin da hantsi aka shiga da ita. Ni da Inna Tabawa muka zauna a benci ɗaya, carbi a hannu. Madam Rahila ma ta zo daga Tsibiri a kan babur ɗinta, ta zauna kusa da mu ta sunkuyar da kai tana tata addu'ar. Can aka fito da ɗa namiji a cikin zanen da na saya a wurin Zinaru, yana tsala ihu. Inna Tabawa ta manta asibiti ne ta rangaɗa guɗa, aka zo aka yi mata magana. Ni kuwa ban iya murna ba, ina ta kallon ƙofa. An ce ta zubar da jini da yawa, an ƙara mata wanda aka ajiye.

Da aka fito da ita aka kira ni ciki. Tana kwance, fuskarta fayau, idanu a rufe, maganin barci bai sake ta ba. Wata ma'aikaciya tana ɗan bubbuga kumatunta tana cewa "Madam, Madam," ba ta motsa ba. Sai ta juyo gare ni.

"Ke ce uwar? Ki kira ta da sunanta. Sun hi jin muryar da suka sani."

Na ce, "Yarinyar nan. Ke yarinyar nan."

"Hajiya, sunanta na ce."

Na duba bayana ko akwai wanda zan ce a gaya masa ya kira ta. Babu Ladi, babu kaji, babu labule. Ni ce kawai da 'yata. Shekara da shekaru sunan yana zuciyata, bakina bai taɓa furta shi ba. Na kama hannunta, na sunkuya daidai kunnenta.

"Hadiza. Hadiza, tashi, kin haifi namiji."

Girarta ta motsa. Ta buɗe ido a hankali, ta daɗe tana kallona kamar ba ta gane ni ba. Sannan ta ce da wata 'yar murya, "Umma, ashe kin san sunana."

Na yi dariya, na yi kuka, duk a lokaci ɗaya, har ma'aikaciyar ta miƙo mini kujera.

A Jiratawa aka yi suna, a can na yi jegon. Lokotoro ya hana ruwa mai ƙuna da kunun kanwa saboda ɗinki, don haka wankan da na yi wa tanadi ya koma ruwan ɗumi a bokiti, Inna Tabawa na gefe tana cewa a zamaninsu ba haka ba. Kafin in taho na koma Tsibiri da ƙuli da zogale na kai wa Madam Rahila. Na tarar tana shafa cikin wata, uwar matar na zaune tana kallon bango. Na ce mata, "Baiwar Allah, juyo ki kalla, abin nan ba ya jin kunyarki."

To kun ji abin da ya zaunar da ni. Itacen yana nan, duk mai jego a unguwa ta aiko a ɗiba. Kuma ku daina zaro ido in kun ji ina waya da yamma ina ambaton suna da ƙarfi. Da Hadiza nake.